Yadda Mai Nazarin Kasafin Kuɗi Ya Samu Gindin Zama a Jihohin Amurka

Ƙungiyar jami'an kasafin kuɗi na jihohin Amurka, wadda aka fi sani da NASBO, tana da wata lambar yabo mai sunan George A. Bell, mutumin da ya daɗe yana yi mata hidima. Masu nazarin kasafi ake ba wa, wato ma'aikatan da ke zaune a ofishin kasafi na jiha suna bin buƙatun ma'aikatu layi-layi kafin su isa teburin gwamna. Akwai kuma ta Gloria Timmer, tsohuwar daraktar kasafi ta jihar Kansas, wadda ake ba shugabannin irin waɗannan ofisoshi. Ba kasafai jaridu ke ɗaukar labarin ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, a farkon ƙarni na ashirin babu wanda za a iya miƙa wa irin wannan lamba, domin aikin kansa bai wanzu ba.

A wancan zamani kowace ma'aikata takan je majalisar dokokin jiha kai tsaye da ƙoƙon bararta. Shugaban gidan yari ya zo da tasa buƙata, shugaban jami'a da tasa, mai kula da asibitin masu taɓin hankali da tasa, kowa ya nemi ɗan majalisar da ke jin maganarsa. Ana zartar da dokokin kashe kuɗi ɗaya bayan ɗaya, a kwamitoci daban-daban, ba wanda nauyin tara jimla ya rataya a wuyansa, balle ya auna ta da abin da haraji zai kawo. Gwamna kan sa hannu a kan abin da bai tsara ba. Sai shekara ta ƙare a ga rami, kowa ya nuna ɗan'uwansa da yatsa.

Gyaran ya faro ne daga birni. A 1906 wasu masu kishin gyara, cikinsu har da William Allen da Henry Bruère da Frederick Cleveland, suka kafa wata cibiyar binciken harkokin mulkin birni a Niyok. Sukan shiga ofisoshi su buɗe littattafan lissafi, su fita titi su duba ko kwalta da aka biya kuɗinta tana nan. Daga nan ne aka fara horar da mutanen da sana'arsu ita ce tambayar kuɗin gwamnati ina ya shiga. Shugaba William Taft ya ɗauko Cleveland ya shugabanci wani kwamiti, wanda a 1912 ya fitar da rahoto yana neman a yi wa gwamnatin tarayya kasafi guda. Majalisar tarayya ta yi biris da shi, ba a samu dokar ba sai 1921.

Jihohi ba su jira Washinton ba. Kalifoniya da Wisconsin sun kafa hukumomin da ke tattara buƙatun kuɗi tun 1911. Maryland ce ta yi tsalle mafi nisa. Bayan ta faɗa giɓi, aka naɗa kwamiti a ƙarƙashin Frank Goodnow, shugaban Jami'ar Johns Hopkins, kuma a 1916 jama'a suka amince da gyaran kundin tsarin mulki da ya ɗora wa gwamna tsara kasafi, ya bar wa majalisa ikon ragewa kawai a yawancin sassansa, ban da ƙarawa. Wannan tsari ya zauna fiye da shekara ɗari, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 2020 aka sassauta shi. A Illinois, Gwamna Frank Lowden ya haɗe tarin hukumomi a 1917 ya kafa ma'aikatar kuɗi da ke shirya kasafi. A jihar Niyok kuwa, masu zaɓe sun yi watsi da sabon kundin 1915 da ke ɗauke da wannan tsari, Gwamna Al Smith ya yi ta fama har aka amince a 1927, kuma Franklin Roosevelt ne ya fara gabatar da kasafi a ƙarƙashinsa a 1929.

Da zarar an ce gwamna ne zai kawo kasafi, dole a samu waɗanda za su zauna su haɗa masa shi. Nan aikin mai nazari ya samo asali. A ba shi ma'aikata ɗaya ko biyu, ya san su ciki da bai. Idan hukumar gidajen yari ta ce tana neman ƙarin ma'aikata, shi ne zai tambayi yawan fursunonin da ake sa ran samu a baɗi, da gurabe nawa aka ba su kuɗinsu bara ba su cike ba, da nawa aka kashe a kan aikin bayan lokaci. Idan kuɗin Medicaid, wato shirin lafiyar marasa galihu, ya haura, shi zai rarrabe ko mutane ne suka ƙaru ko magani ne ya yi tsada, domin maganin kowace matsala daban ne. Yana kuma yi ne da agogo a kansa: jihohi 46 suna fara shekarar kuɗi ranar 1 ga Yuli, kuma in ban da Vermont, kowace jiha tana da wata ƙa'ida da ke tilasta mata daidaita kashewa da kuɗin shiga. Jiha ba ta buga kuɗi. Kuskuren hasashe kaɗan yakan koma rage malamai ko rufe asibiti a tsakiyar shekara.

'Yan majalisa sun lura cewa gwamna ya tara masana, su kuwa hannu rabbana. A 1941 majalisar Kalifoniya ta zartar da dokar kafa nata ofishin nazari, Gwamna Culbert Olson ya hau kujerar na-ƙi, sai ta kafa shi ta hanyar ƙa'idojin zamanta. Mutumin da ya fito da martabar ofishin shi ne A. Alan Post, wanda ya riƙe shi daga 1949 zuwa 1977. Ya yi zamani da gwamnoni biyar na jam'iyyu biyu, daga Earl Warren har zuwa Jerry Brown, da Ronald Reagan a tsakani, kuma bai bar kasafin kowa ba tare da ya tona shi ba. A ganina, Post ne ya nuna abin da ya sa irin wannan ma'aikaci ya cancanci girmamawa: ya faɗa wa mai mulki lissafin da ba ya son ji, gobe kuma a sake kiransa saboda an san ba ya karkata. Lokacin da majalisar tarayya ta kafa nata ofishin kasafi da dokar 1974, aka ba Alice Rivlin shugabancinsa a 1975, akwai misalin Kalifoniya a gabansu.

A tsakiyar wannan tafiya ne aka kafa NASBO a 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙungiyar ta ba ma'aikatan wuri guda da za su kwatanta lissafinsu, kuma har yau tana fitar da rahoton halin kuɗin jihohi sau biyu a shekara. Lambobin yabo sun biyo baya. Ƙungiyar jami'an kuɗi na gwamnatoci, GFOA, ta fara karrama takardun kasafi masu tsari da sauƙin fahimta a 1984. Bayan rasuwar Steven Gold a 1996, masanin kuɗin jihohi da ya yi aiki da ƙungiyar majalisun dokokin jihohi, aka ƙirƙiro lambar yabo da sunansa.

Akwai dalilin da ya sa abokan aiki ne ke bayar da waɗannan lambobi. Idan mai nazari ya yi aikinsa da kyau, abin da ake gani shi ne babu abin da ya faru: albashi ya fita a kan lokaci, makarantu ba su rufe ba, gwamna ya yanke ƙyallen buɗe gada. Wanda ya gano cewa an ƙirga kuɗi ɗaya sau biyu a shafi na ɗari uku ba shi da hoto a ko'ina, kuma sai wanda ya taɓa kwana a kan irin wannan shafi ne zai san girman abin da aka kauce wa.

Nijeriya ta ari tsarin gwamna da majalisar jiha irin na Amurka a kundin tsarin mulkin 1979, don haka duk ƙarshen shekara muna ganin gwamna ya miƙa kundin kasafi a zauren majalisa. A 2018 aka fara shirin SFTAS na Bankin Duniya da dala miliyan 750, wanda ya riƙa ba jihohi tallafi idan sun wallafa kasafinsu da rahoton binciken asusunsu a kan lokaci. Jihohi da dama sun ci wannan kuɗi, kuma ma'aikatan ma'aikatun kasafi da tsare-tsare ne suka haɗa takardun da aka ci shi da su. Ladan ya shiga asusun jiha, sunan da aka ambata a labarai kuma na gwamna ne.