Ƙuri'ar Kakata

Kakata a nan Matamaye ta sha gaya mini cewa a zamanin Nasara ba kowa ke zaɓe ba. Sai a 1956, da dokar Defferre, kowane baligi, mace da namiji, ya samu ƙuri'a. An haramta Sawaba a 1959, jam'iyya ɗaya ta rage, soja suka karɓa a 1974.

Taron ƙasa na 1991 ya share hanyar zaɓen jam'iyyu da yawa. A Maris 1993 Mahamane Ousmane na CDS-Rahama, ɗan Damagaram, ya kayar da Tandja na MNSD. Daga baya rigimarsa da firaminista Hama Amadou ta tsayar da komai, Baré ya kifar da su ran 27 ga Janairu 1996.

A zaɓen 2021 an kawo wa fadarmu sukari da shayi, kowa jaka biyu. Ni ma na karɓa, ba zan ɓoye ba. Abokaina biyu har yau ba sa gaisawa saboda jam'iyya. Kaka ta ce: "Kai yaro, abin da muka daɗe muna jira ka sayar kuɗin shayi?"

Tun 26 ga Yuli 2023 akwatin ma babu. Ƴan uwa, ran da ya dawo, za mu sake sayarwa?