Kalundborg: Garin Da Sharar Wata Masana'anta Ta Zama Jarin Wata

Maƙalarmu ta wannan mako za ta kai mu Kalundborg, wani ƙaramin gari a bakin teku a ƙasar Denmak, inda masana'antu suka fi shekara 50 suna sayar wa juna abin da a wasu wurare zubarwa ake yi.

Matsalar ruwa ce mafarin abin. A 1961 aka gina matatar mai a garin, kuma don kada ta janye ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai aka jawo mata bututu daga tafkin Tissø. A 1972 kamfanin Gyproc, mai yin allunan silin da bango, ya fara sayen iskar gas ɗin da matatar ke ƙonawa a banza, yana busar da allunansa da ita.

A farkon shekarun 1980, tashar lantarki ta Asnæs, mai ƙona kwal a lokacin, ta fara tura zafinta zuwa gidaje don ɗumama ɗakuna a lokacin sanyi, tana kuma sayar wa matatar da kamfanin magunguna na Novo Nordisk tururi. A 1993 tashar ta kafa na'urar cire farar wuta daga hayaƙinta. Abin da na'urar ta riƙa fitarwa shi ne jifsam, wato ainihin abin da Gyproc ke yin alluna da shi, wanda da sai ya shigo da shi daga Sifaniya. Tokar kwal kuma masu siminti ne suka riƙa saye.

Babu wanda ya zana wannan tsari tun farko. Kowane bututu yarjejeniya ce tsakanin kamfani biyu, bayan kowa ya yi lissafi ya ga riba. Abin da ya taimaka shi ne kusancin masana'antun, da kuma sanayya da amana tsakanin manajojinsu. Amma akwai haɗari: wanda ya dogara da sharar maƙwabci, duk sauyin da maƙwabcin ya yi zai shafe shi. Da Asnæs ta koma ƙona ɓarɓashin itace maimakon kwal, dole masu jiran abin da kwal ke bari su sake lissafi.

'Yan kasuwarmu na wannan zaure, kowa ya duba: me nake biyan kuɗi a kwashe, kuma wa ke kusa da ni da zai saye shi?