Minti: Baƙon Da Ya Zama Ɗan Gari

Idan direba a tashar Karaye ya ce maka saura minti biyu a tashi, mai karatu, nemi wuri ka zauna. Ba ƙarya ya yi maka ba. A bakin Bahaushe minti na da ma'ana biyu: sakan sittin na agogo, da kuma ɗan lokaci kaɗan wanda babu mai aunawa.

Kalmar ta Turanci ce, su ma Turawan daga Latin su ka aro ta, inda ta ke nufin ƙaramin yanki. Kafin su ci Kano a 1903, da rana da salla ake auna lokaci: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru. Abin da ya gaza haka sai a ce kiftawar ido, ko jim kaɗan. Malamai dai sun san daƙiƙa ta Larabci, wadda a can minti ta ke nufi, mu kuma yau mun maishe ta sakan.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma shi ba ya jiran hantsi. To amma layin dogo bai bi ta garin Karaye ko Rogo ba. A ganina shi ya sa a irin waɗannan garuruwa minti ya daɗe da ma'anarsa ta biyu, ya na shiga a hankali ta makarantar boko da rediyo.

Wayar salula ce ta sa masa farashi. Da ta zo a 2001, kira naira 50 ne a minti, kuma ko sakan biyu ka ɗora sai ka biya na cikakken minti. Ɗan Rogo da ya je ci-rani birni, da ya tsaya gaban mai lema zai buga waya, ido na kan agogo, gaisuwar ma a gutsure. Sai a 2003 Glo ya kawo lissafin sakan-sakan.

Inda abin ya shafe mu shi ne finafinan gargajiya. Za ka ga an sha wahalar neman doki da sulke, labari na zamanin kafin Turawa, sai sarkin yaƙi ya buɗe baki ya ce a ba shi minti biyar. Haba malam marubuci! Mutumin nan bai taɓa ganin agogon hannu ba. Sa masa "kafin hantsi ya dubi ludayi" a baki, ka bar minti ga direban Karaye.