Mataimakin masanin magunguna: asalin sana'ar da inda ta dosa

Mutumin da ke tsaye bayan kanta a farmasi, wanda yake karɓar takardar likita, ya ɗauko magani, ya zana layi a kan kwali don nuna na safe da na dare, sau da yawa ba shi ne mai digirin ilimin magunguna ba. Mataimakinsa ne mai horo. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci, irin su Nijar, Cadi, Kamaru, Binin da Burkina Faso, ana kiransa préparateur en pharmacie. A Nijeriya da Gana ma akwai shi, da nasa horon da nasa rajistar. Ko'ina dai doka ta ajiye shi ƙarƙashin kulawar masanin magunguna: yana ba da magani, yana ƙidaya kaya, yana lura da ranar lalacewarsu, yana tsare sanyin firji tsakanin digiri 2 zuwa 8 saboda insulin da alluran rigakafi. Ba aikinsa ba ne gano cuta ko sauya abin da likita ya rubuta, kuma ba ya buɗe cikakkiyar farmasi da sunansa.

Asali

Shagunan magani masu zaman kansu sun bunƙasa a Bagadaza a zamanin Abbasiyawa, inda muhtasibi, wato mai sa ido kan kasuwa, yake duba awo da ingancin abin da ake sayarwa. A Turai, wajajen 1240, Sarki Frederick na Biyu ya raba aikin likita da na mai haɗa magani a masarautarsa ta Sisili. A duk waɗannan shaguna akwai yaro mai daka, mai tacewa, mai wanke kwalabe, wanda yake koyon aiki a hannun maigida shekara da shekaru ba tare da wata takarda ba. Shi ne kakan mataimakin yau. Faransa ba ta ba shi matsayi a doka ba sai a 1946, kuma daga can ne sunan préparateur ya iso ƙasashen rainonta.

A Afirka ta Yamma labarin ya ɗan bambanta, domin mataimaki ya riga masani zuwa. Makarantar likitanci ta Dakar, da aka buɗe a 1918, ta horar da 'yan Afirka a matsayin mataimakan likita, mataimakan masu haɗa magani da ungozoma, manyan muƙamai kuwa na Turawa ne. Ingilishi ma haka suka yi a Yaba da Zariya, inda suka horar da masu ba da magani da aka rarraba zuwa asibitocin sha-ka-tafi. A garuruwa da dama wannan malamin asibiti shi ne likita, shi ne mai allura, shi ne mai magani. Da jami'o'i suka fara yaye masu digiri bayan samun 'yancin kai, sai aka ja iyaka tsakanin matakan biyu.

Sannan aikin da kansa ya sauya. Masana'antu suka fara kawo ƙwayoyi a rufe cikin kwali, turmi da ma'auni suka koma kan shiryayye. Sunan Faransanci har yanzu yana nufin mai haɗawa, alhali haɗawar ta ragu ƙwarai, sai a asibitoci da 'yan man shafawa da ruwan wanke ciwo.

Shekarun da suka canza komai

Abubuwa biyu ne suka sa aikin ya zama yadda yake a yankin Sahel. Na farko shi ne Shirin Bamako na 1987, wanda ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF. Shirin ya sa ƙananan cibiyoyin lafiya su riƙa sayar da muhimman magunguna a farashi mai sauƙi, su sake sayo wasu da kuɗin. Nan take kowace cibiya ta buƙaci mai riƙe da rumbun magani da littafin lissafi, kuma da yawa daga waɗanda aka ɗora wa nauyin ba su samu horo mai zurfi ba.

Na biyu shi ne karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994. Maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada cikin dare ɗaya. Gwamnatoci suka karkata ga magunguna marasa sunan kamfani ta hanyar cibiyoyin saye na ƙasa, kamar ONPPC a Nijar, CENAME a Kamaru da CAMEG a Burkina Faso. Talaka kuwa ya ƙara komawa ga mai talla a tire, abin da ake kira pharmacie par terre. A annobar sanƙarau ta 1995 a Nijar an gano cewa an yi wa dubban mutane allurar jabu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na kayan magani a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko maras inganci. A irin wannan kasuwa, mutumin da ya iya duba lambar kaya, ya lura da kwalin da rubutunsa ya karkace, ya ƙi sayar da tramadol ba takarda, ya fi ƙarfin a kira shi ɗan tsaron kanti.

Takarda da iyaka

Ga matashin da ya tashi a Garwa, Malanbil ko zangon Kumasi, inda dangi suke ɓangarori biyu na iyaka, ga abin lura: takardar shaida ba ta tsallaka iyaka da kanta. A Nijeriya, dokar 2022 ta sake fasalin hukumar kula da harkar magunguna, wadda ke yi wa mataimaka rajista tare da ba masu kemis lasisi. Gana tana da tata hukumar. A ƙasashen Faransanci ma'aikatar lafiya ce ke amincewa da difloma. Hukumar lafiya ta ECOWAS ta yi aikin daidaita manhajojin koyarwa, amma izinin aiki yana hannun kowace ƙasa. Don haka kafin iyaye su biya kuɗin makaranta mai zaman kanta, ya kamata su tambaya ko hukumar ƙasar da yaron zai yi aiki ta san da diflomar. Makarantun sun yi yawa, ba dukansu ne ke da amincewa ba. Haka kuma lasisin mai kemis ko mai ƙaramin rumbun ƙauye dabam yake da diflomar mataimaki, ko da yake jama'a kan haɗa su wuri ɗaya.

Inda aka dosa

A ƙasashe masu arziki ana ƙara wa mataimaki nauyi. Birtaniya ta wajabta masa rajista a 2011. Faransa ta ɗaga horonsa zuwa diflomar jami'a ta shekara biyu, kuma a lokacin annobar korona ta ba shi izinin yin allurar rigakafi ƙarƙashin kulawar masani. Na'urorin ƙidayar ƙwayoyi sun karɓe wani ɓangare na aikin hannu a can.

A nan yankin, na'ura ba ta kusa korar kowa ba, domin masana kaɗan ne kuma yawancinsu suna manyan birane. Abin da ke sauyawa shi ne kayan aiki. Lissafin rumbu yana komawa kwamfuta da waya. Tun 2019 jirage marasa matuƙi na kamfanin Zipline suke kai jini da magani a Gana, kuma a kowane gefe sai an samu mai shiryawa da mai karɓa. Kamaru ta shigar da rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara a Janairun 2024, abin da ya ƙara buƙatar masu kula da firji. Yarjejeniyar kafa Hukumar Magunguna ta Afirka ta fara aiki a 2021, kuma Kigali ce mazauninta.

Wani jari da ba a rubuta shi a difloma shi ne harshe. Takardar da ke cikin kwali da Faransanci ko Turanci take, mai jinya kuwa da Hausa, Fulatanci ko Zabarmanci yake tambaya. Mataimakin da zai iya gaya wa tsohuwa cewa maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi, ko ya nuna wa uwa iyakar layin da za ta cika a murfin maganin yaro, yana yin aikin da manhajojin waya ba su kai gare shi ba tukuna a kasuwannin kan iyaka.