Yadda Majalisar Ingila Ta Koyi Bin Sawun Kuɗin Haraji

Al'adar da ta wajabta wa gwamnati ta gurfana gaban majalisa ta yi bayanin yadda ta kashe dukiyar jama'a ta samo tushenta ne daga bashi da yaƙe-yaƙen da suka dabaibaye sarakunan Ingila a ƙarni na 17. Tun ƙarni na 14 an riga an yarda cewa sarki ba ya ɗora sabon haraji sai da amincewar majalisa, amma wannan iko bai cika ba, domin da zarar kuɗin ya shiga baitulmali sai ya zama na sarki, ya juya shi yadda ya ga dama, ba mai hurumin tambayarsa. Abin da ya ci fiye da shekara 200 kafin ya kafu shi ne ikon bin sawun kuɗin bayan an ba da shi, kuma kusan kowane mataki nasa an same shi ne a lokacin da baitulmali ya bushe, gwamnati ta rasa mafita sai ta dawo wurin masu biyan haraji.

Sarki Charles na ɗaya ya yi mulki daga 1629 zuwa 1640 ba tare da ya kira majalisa ba, yana dogaro da wasu kuɗaɗe irin su harajin jiragen ruwa, wato kuɗin da a da garuruwan bakin teku kaɗai ke biya domin tsaron gaɓa, wanda ya faɗaɗa shi ga ƙasar baki ɗaya a 1635. Wani mai suna John Hampden ya ƙi biyan sule 20 da aka yanka masa, alƙalai bakwai cikin goma sha biyu suka goyi bayan sarki, amma da yaƙi da Sikotland ya cinye abin da ke hannunsa, dole ta sa ya kira majalisa sau biyu a 1640, kuma a shekarar da ta biyo baya aka haramta wannan haraji. Rikicin ya ƙare da yaƙin basasa da kashe sarkin a 1649, sai dai bai bar wani tsari mai ɗorewa na binciken asusu ba.

Tsarin ya fara bayyana ne a zamanin ɗansa, Charles na biyu, lokacin yaƙi da Holan. A 1665 majalisa ta amince da ƙarin fam miliyan 1.25, kuma bisa shawarar George Downing, wani jami'in baitulmali da ya zauna a Holan ya ga yadda mahukuntanta ke samun rance cikin sauƙi, aka sa sharaɗi a cikin dokar cewa ba za a kashe kuɗin ba sai a kan yaƙin, kuma za a biya masu ba da rance bi da bi, gwargwadon yadda aka rubuta sunayensu a rajista. Wannan shi ne keɓe kuɗi, wato majalisa ta ƙayyade adadin da ta bayar tare da aikin da aka bayar dominsa. Manufar Downing ita ce ya kwantar da hankalin masu ba da bashi, amma abin da ya biyo baya ya wuce haka, domin majalisar da ta faɗi inda kuɗi zai tafi ta sami dalilin tambayar ko can ɗin ya tafi.

Tambayar ta taso da zafinta a watan Yunin 1667, sa'ad da jiragen yaƙin Holan suka kutsa kogin Medway, suka ƙone manyan jiragen Ingila da aka ɗaure saboda babu kuɗin fitar da su, suka kuma ja babban jirgin sarki zuwa ƙasarsu, alhali matuƙa na yawo ba albashi. Majalisa ta kafa hukumar mutum tara da ikon rantsar da jami'ai da duba littattafansu, kuma bisa rahotonta majalisar wakilai ta dakatar da George Carteret, wanda ya riƙe ma'ajin rundunar ruwa, da ƙaramin rinjaye a ƙarshen 1669. Nan take sarki ya ɗage zaman majalisar, ya janye maganar zuwa majalisar fadarsa, inda shi da kansa ya zauna yana sauraron tuhumar da ake yi wa gwamnatinsa, Samuel Pepys na ofishin rundunar ruwa yana kare lissafin. Binciken da ake kai rahotonsa ga wanda ake bincika ba ya iya haifar da komai, kuma haka hukumar ta watse ba tare da an hukunta kowa ba. A watan Janairun 1672 sarki ya dakatar da biyan bashin da ya haura fam miliyan ɗaya, abin da ya karya manyan maƙeran zinariya na Landan waɗanda su ne bankunan wancan zamani, ya kuma jawo asara ga dubban mutanen da suka ajiye kuɗi a wurinsu.

Bayan juyin mulkin 1688 da ya kawo William na uku kan gadon sarauta, 'yan majalisa sun nuna cewa sun fahimci inda kuskuren yake. Da gangan suka ƙi ba Sarki William na uku isasshen kuɗin shiga na tsawon rai, a 1690 suka ba shi kuɗin fito na shekara huɗu kacal, ga shi kuma yaƙi da Faransa yana cin kusan fam miliyan 5 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da sarkin da ya gabata yake samu. Saboda haka kiran majalisa kowace shekara ya zama tilas, kuma hukumar binciken asusu da ta fara aiki a 1691 ta ƙunshi 'yan majalisa ne masu kai rahoto ga zaurensu. Lokacin da aka kafa Bankin Ingila a 1694 da rancen fam miliyan 1.2 a kan ruwa kashi 8 cikin ɗari, masu kuɗi sun yarda ne domin harajin da majalisa ta keɓe shi ne jinginar bashin. Bai kamata a ɗauka cewa majalisar tsarkakakkiya ce ba, tunda a 1695 an kori kakakinta, John Trevor, saboda karɓar toshiyar baki daga hukumar birnin Landan, kuma hukumomin binciken sun riƙa zama makamin jam'iyya a kan abokan hamayya har aka daina sabunta su bayan 1714.

Rauni mafi girma da ya saura shi ne jinkiri. A ƙarni na 18 jami'in da ke biyan sojoji yakan riƙe rarar kuɗin gwamnati a hannunsa yana juyawa don amfanin kansa har ranar da aka rufe lissafinsa, tamkar an ba kura ajiyar nama, kuma Henry Fox, wanda ya bar wannan muƙami a 1765, ya rasu a 1774 ba a kammala duba asusunsa ba. A 1787 gwamnatin William Pitt ta haɗa kuɗaɗen shiga a asusu guda, sannan a 1861 William Gladstone ya sa aka kafa kwamitin asusun gwamnati a majalisar wakilai. Dokar 1866 ta tilasta wa kowace ma'aikata ta gabatar da lissafin shekara, tana kwatanta abin da aka keɓe mata da abin da ta kashe, ga babban mai binciken kuɗi wanda ba a iya cire shi sai da buƙatar zaurukan majalisa biyu, daga baya kuma aka saba ba ɗan adawa shugabancin kwamitin. Wannan tsari ne Nijeriya ta gada ta hanyar mulkin mallaka, inda sashe na 85 na tsarin mulkin 1999 ya umarci babban mai binciken kuɗi na tarayya da ya miƙa rahotonsa ga zaurukan majalisar ƙasa cikin kwana 90 da karɓar bayanan babban akanta, kowane zaure kuma ya miƙa shi ga kwamitinsa na asusun gwamnati.