Wasan Ƙarshe na Gasar Cikar Countdown Shekara 30

Wasan ƙarshe na Gasar Cikar Countdown Shekara 30 karawa ce da aka yi tsakanin Conor Travers da Jack Hurst a shirin Countdown, wato shirin gasar haruffa da lissafi na tashar talabijin ta Channel 4 da ke Birtaniya. An nuna wasan ranar Juma'a, 1 ga watan Maris na shekarar 2013. Travers ne ya yi nasara da maki 146, Hurst kuma ya tashi da maki 111. Da wannan sakamako Travers ya kamo Julian Fell, wanda tun 2002 yake riƙe da tarihin maki mafi yawa da aka taɓa ci a wasa ɗaya. Wasan shi ne ya rufe gasa ta musamman da aka shirya domin cikar shirin shekara 30, wadda ta tattaro tsofaffin zakaru da fitattun 'yan wasa 41.

Asalin shirin

Tushen Countdown a Faransa yake. A shekarar 1965 Armand Jammot ya ƙirƙiro wani shirin talabijin na neman kalma mafi tsawo. A 1972 aka haɗa masa da ɓangaren lissafi, aka sa masa suna Des chiffres et des lettres, ma'ana lambobi da haruffa. Shirin ya daɗe ƙwarai, kuma tashar TV5Monde ta riƙa kai shi ƙasashen da ke amfani da Faransanci, ciki har da na Afirka ta Yamma. An daina shi a 2024.

Wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Marcel Stellman ne ya kai tsarin shirin Birtaniya. An fara gwada shi a tashar Yorkshire Television a 1982 da sunan Calendar Countdown. Da aka buɗe Channel 4 ranar 2 ga Nuwamba, 1982, Countdown ne shirin farko da tashar ta nuna. Richard Whiteley ya gabatar da shi tun daga ranar har rasuwarsa a 2005, Carol Vorderman kuma ta riƙe allon lissafi har 2008. Bayan Whiteley, Des Lynam da Des O'Connor da Jeff Stelling sun gabatar da shirin ɗaya bayan ɗaya. A lokacin gasar 2013 Nick Hewer ne mai gabatarwa, Rachel Riley ce mai kula da haruffa da lambobi, Susie Dent kuma, wadda ta fara fitowa a shirin a 1992, ita ce alƙaliyar ƙamus.

Dokokin wasa

Mutum biyu ne ke karawa a kowane wasa, kuma a kowane zagaye ana ba su daƙiƙa 30, da wani babban agogo a bayansu yana ƙirgawa. Zagayen iri uku ne.

Zagayen haruffa: ɗan wasa ɗaya yana zaɓen haruffa tara ba tare da ya gan su ba, yana cewa a ba shi baƙi ko wasali. Dole a samu aƙalla wasula uku da baƙaƙe huɗu. Kowa sai ya nemi kalma mafi tsawo da za a iya haɗawa daga cikinsu, kuma ba a amfani da harafi fiye da sau nawa ya fito. Kowane harafi maki ɗaya ne, amma kalmar da ta cinye haruffan tara gaba ɗaya maki 18 take kawowa. Ba a karɓar sunan mutum ko na gari, kuma ƙamus na Oxford ne ke raba gardama.

Da Turanci ake wasan, amma ana iya misalta shi da Hausa. A ce haruffan da suka fito su ne T, A, M, K, A, N, A, R, A. Mai gaggawa zai ga "rana", mai haruffa huɗu. Wanda ya ƙara natsuwa zai ga "karanta", mai bakwai. Gwani kuwa zai hango "makaranta", wadda ta cinye duka tara. Abin lura shi ne, wanda kalmarsa ta fi tsawo shi kaɗai ke samun maki. Idan ɗaya ya ce "makaranta" ɗayan ya ce "karanta", na farko ya ci 18, na biyu bai ci komai ba. Sai tsawon kalmominsu ya zo daidai ne dukansu ke samun maki.

Zagayen lambobi: ana zaɓen lambobi shida daga cikin katuna 24 da aka kife. Guda 20 ƙanana ne, daga 1 zuwa 10, kowace sau biyu. Guda huɗu manya ne, wato 25, 50, 75 da 100. Na'ura sai ta fitar da wani adadi mai alƙaluma uku, a nemi a kai gare shi ta hanyar tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa, ba tare da an maimaita kati ba. Misali, idan an samu 75, 50, 8, 6, 3 da 2, ana neman 642: 75 sau 8 ya ba da 600, a ɗebe 6 da 2 daga 50, saura 42, a haɗa, an samu 642. Wanda ya dace daidai yana da maki 10. Wanda ya kuskure da abin da bai wuce 5 ba yana da maki 7, wanda bai wuce 10 ba kuma maki 5. A nan ma wanda ya fi kusa da adadin ne ke ɗaukar makin.

Kacici-kacicin ƙarshe: ana nuna kalma mai haruffa tara da aka hargitsa. Wanda ya riga danna ƙararrawa ya faɗi amsa daidai ya ci maki 10. Idan ya yi kuskure, sauran lokacin ya koma ga abokin karawarsa. Idan aka tashi kunnen doki, sai a ƙara wani kacici-kacicin.

Daga 2001 zuwa Maris na 2013 kowane wasa yana da zagaye 15: na haruffa 11, na lambobi 3, da kacici-kacici ɗaya. A kan wannan tsari aka buga wasan ƙarshe na 2013.

Gasar zakaru kafin 2013

A zubi na yau da kullum, wanda ya ci wasa yana dawowa washegari ya fuskanci sabon ɗan takara, kuma ana ba shi butar shayi mai siffar agogon shirin. Wanda ya ci wasa takwas a jere sai ya sauka daga kujera. A ƙarshen kowane zango, mutum takwas da suka fi ƙwazo ke dawowa su fafata har a fitar da zakara.

Bayan wannan, lokaci-lokaci akan kira zakarun zanguna da manyan 'yan wasa domin Gasar Zakaran Zakaru. Mark Nyman ne ya ci ta farko a 1984. Daga baya ya zama zakaran duniya na wasan Scrabble a 1993. A 1996 an yi wata babbar gasa da ta haɗa gwanayen shekarun farko, inda Harvey Freeman ya doke Allan Saldanha a wasan ƙarshe. Gasar 2013 ita ce irinta ta biyu wajen girma da faɗin waɗanda aka gayyato.

Tsarin gasar 2013

An fara nuna gasar ranar Litinin, 7 ga Janairu, 2013, aka shafe mako takwas ana yi. Tsarin sili-ɗaya-ƙwale ne: duk wanda aka doke ya tafi gida. Da yake 'yan wasa 41 ne, an fara da wasannin share fage tara domin adadin ya koma 32, daga nan 16, sai 8, sai 4, har ya rage saura biyu. Jimillar wasannin 40 ke nan.

Gasar ta haɗa tsara biyu. Akwai dattawan da suka yi tashe a shekarun 1980 da 1990, waɗanda suka koyi wasan da takarda da ƙamus. Akwai kuma matasan da suka taso suna atisaye a intanet, musamman a shafin Apterous da Charlie Reams ya kafa a 2008, inda mutum zai iya buga wasanni masu yawa a rana guda, kuma kwamfuta ta nuna masa kalma mafi tsawo da ya kasa gani a kowane zagaye. Matasan ne suka mamaye matakan ƙarshe na gasar.

'Yan wasan biyu

Conor Travers, daga garin Luton, ya fara fitowa a shirin a 2005 yana ɗan makaranta. Ya ci wasa takwas a jere, sannan a watan Mayu na 2006 ya doke Matthew Shore a wasan ƙarshe na zango na 54, ya zama zakara yana da shekara 14. Wannan ya sa ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa cin kofin zango. A Gasar Zakaran Zakaru ta 2006 ya kai wasan kusa da na ƙarshe, amma Paul Gallen ya fitar da shi, kuma Gallen ɗin ne ya ɗauki kofin. Saboda haka lokacin da Travers ya dawo a 2013, ya riga ya haura shekara 20, kuma kofin zakaru ne kaɗai bai taɓa shiga hannunsa ba.

Jack Hurst ya fito a 2010. A wasanninsa takwas na farko ya tara maki 946, wato sama da 118 a kowane wasa idan aka raba daidai. Wannan ya shafe tarihin maki 925 da Kirk Bevins ya kafa a 2009. A watan Disamba na 2010 ya doke Eoin Monaghan ya zama zakaran zango na 63. Ya shigo gasar 2013 ba a taɓa doke shi a shirin ba.

A wasannin kusa da na ƙarshe, Hurst ya fitar da Jonathan Rawlinson, Travers kuma ya fitar da Jon O'Neill.

Sakamakon wasan da ma'anarsa

An tashi wasan Travers na da 146, Hurst na da 111, jimilla 257. Ana iya gane nauyin waɗannan alƙaluma ta hanyar lissafi mai sauƙi.

A tsarin wancan lokaci, zagayen lambobi uku da kacici-kacici ba sa ba da fiye da maki 40. Idan ɗan wasa ya samu kalma mai haruffa takwas a duk zagayen haruffa 11, abin da da wuya ya faru, ya tara 88. Haɗe da 40 ya zama 128. Kowace kalma mai haruffa tara tana ƙara maki 10 a kan wannan: guda ɗaya ta kai shi 138, guda biyu 148. Ke nan ba yadda za a yi a kai 146 sai da aƙalla kalmomi biyu masu haruffa tara, tare da rashin yin sake a sauran zagayen. Kuma ba ƙwarewa kaɗai ke kawo haka ba, domin sai haruffan da suka fito sun ƙunshi irin waɗannan kalmomi tukuna kafin a gan su.

Maki 111 da Hurst ya samu ba ƙaramin abu ba ne. A yawancin wasannin yau da kullum ya isa a yi nasara da rata mai yawa, kuma bai yi nisa da abin da ya saba ci ba. Sai dai dokar shirin ba ta da sassauci ga wanda aka fi da harafi ɗaya. Tsakanin gwanaye biyu, yawancin zagaye kunnen doki ake yi, kowa ya ɗauki makinsa. Abin da ke raba su 'yan zagaye ne kaɗan, inda ɗaya ya hango abin da ɗayan bai hango ba cikin daƙiƙa 30. Ratar maki 35 da aka tashi da ita ba ta kai darajar kalmomi biyu masu haruffa tara ba, wato 36.

Haka kuma ratar ta nuna cewa an riga an san mai nasara kafin zagaye na 15. Kacici-kacici maki 10 ne kawai, don haka ko da wa ya amsa shi, tazarar da ke tsakaninsu kafin a kai gare shi ba ta gaza 25 ba.

Bayan wasan

Makonni kaɗan bayan gasar, cikin watan Maris na 2013, aka sauya tsarin shirin zuwa zagayen haruffa 10 da na lambobi 4. Wannan ya ƙara wa lissafi nauyi, ya kuma sa ba a iya kwatanta makin da da na yanzu kai tsaye. A sabon tsarin an wuce 146: Elliott Mellor ya ci 152 a 2019, Tom Stevenson kuma 154 a 2022. A tsohon tsarin kuwa, 146 ɗin Fell da Travers ne ya tsaya a matsayin ƙololuwa.

An ci gaba da Gasar Zakaran Zakaru bayan haka. Dylan Taylor ya ci ta 2016, Zarte Siempre ta 2019, Ahmed Mohamed kuma ta 2023. A 2014 kundin Guinness World Records ya sanya Countdown a matsayin shirin gasa na talabijin da ya fi kowane yawan zanguna. Bayan Nick Hewer, Anne Robinson ta gabatar da shirin daga 2021 zuwa 2022, sannan Colin Murray ya karɓa.

Makamantan gasar

An yi irin wannan shiri a wasu ƙasashe, kamar Letters and Numbers da tashar SBS ta Ostireliya ta nuna daga 2010 zuwa 2012. A Birtaniya ma akwai na barkwanci da aka fara a 2012, inda masu ban dariya ke buga wasan.

A Najeriya, ɓangarorin biyu na wasan sun samu karɓuwa amma a rarrabe. A fannin lissafi akwai Cowbellpedia, gasar ɗaliban sakandare da aka fara nunawa a talabijin a 2015. A fannin haɗa kalmomi kuwa, ƙasar ta yi suna a wasan Scrabble, inda Wellington Jighere ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostireliya a 2015, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauki wannan kofi.