Yaɗuwar Ilimin Zamantakewa a Talata Mafara, Bakura da Maradun

Ilimin zamantakewa fanni ne da ke nazarin yadda jama'a ke zaune da juna: gado da mallakar ƙasa, sarauta da talakawa, noma da kiwo, rikici da sulhu. A ƙananan hukumomin Talata Mafara, Bakura da Maradun na Jihar Zamfara, tarihin yaɗuwarsa ya faro ne daga mujallun jami'a kafin ya iso wayar hannu.

Zamanin Bakolori

Abin da ya fara jawo hankalin masana ga yankin shi ne madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a kan Kogin Sakkwato a 1978. Ruwa ya ci gonaki da ƙauyuka, diyya ta yi jinkiri, manoma suka tare hanyoyin aikin. Ran 28 ga Afrilu 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sanda suka far musu. Hukuma ta ce mamatan ba su kai 30 ba. Wasu masu bincike suka ce sun haura 380.

Malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, irin su Okello Oculi da Björn Beckman, sun yi rubutu a kan lamarin, haka ma W. M. Adams na Ingila a 1988. Sai dai duka da Turanci aka yi su, aka adana a ɗakunan karatu. Manomin da aka yi nazarinsa bai san abin da aka faɗa a kansa ba. Nasa tarihin yana bakin dattawa a dandali.

Zuwan waya

Layukan wayar salula sun shigo Nijeriya a 2001, daga baya Facebook da WhatsApp suka bazu. Ɗalibai da malamai suka riƙa fassara bincike zuwa Hausa suna sawa a zaurukan WhatsApp na gari da na tsofaffin ɗalibai. Saƙon murya ya buɗe wa wanda bai yi boko ba ƙofa: a rumfar mai cajin waya, mutum biyar kan saurari bayani ɗaya, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Da rikicin 'yan bindiga ya tsananta, muhawara ta koma kan burtali, 'yan sa-kai, haƙar zinari da alaƙar Hausawa da Fulani.

Shekarun 2021 da 2022

A Satumba 2021 Dokta Murtala Ahmed Rufa'i ya gabatar da bincikensa "I Am a Bandit" a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, takardar ta zaga wayoyi cikin 'yan kwanaki. A watan ne kuma aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara, lokacin Gwamna Bello Matawalle, ɗan Maradun, don haka mutanen da binciken ya shafa su ne na ƙarshe da suka gani. A 2022 rahoton bidiyo na BBC Africa Eye da na Trust TV kan 'yan bindiga suka bazu, har hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5.

Matsaloli

Waya ba ta bambance bincike da jita-jita. Akan datse bidiyo a sauya masa ma'ana, a liƙa wa tsohon hoto sabon hari, kuma 'yan bindigar ma suna amfani da TikTok. Ga rashin taska: nazarin Bakolori na nan a ɗakin karatu bayan shekara 40, amma saƙon murya kan tafi tare da wayar da ta lalace.